Kwamfuta Ɗaya, Hannu Goma: Rigimar Kalmar Sirri a Gidajen Meiganga

A watan Yuli na 2016 gwamnatin Kamaru ta yi wa ɗaliban manyan makarantu alkawarin kwamfutar tafi-da-gidanka guda 500,000, kyauta daga Shugaba Paul Biya. Kuɗin aikin, biliyan 75 na sefa, rance ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, kuma sai a ƙarshen 2017 kashin farko ya sauka. 'Yar ƙaramar na'ura ce da ake kira PB Hev, tana ɗauke da Windows 10 da rumbun ajiyar da bai wuce gigabait 32 ba, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a jaridun Yawunde da Duwala. Ɗaliban Jami'ar Ngaundere na cikin waɗanda rabon ya shafa, kuma makarantar koyon ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai da ke Meiganga, wadda aka fi sani da EGEM, reshen wannan jami'a ce.

A takarda, kowace kwamfuta ta ɗalibi ɗaya ce. A gida kuwa lissafin daban ne. Da hutu ya zo na'urar ta shiga tsakar gida, ta zama ta kowa. Ƙane na son kallon fim ɗin Indiya, ƙanwa na son zuba hotunan biki, maƙwabci ya yi sallama a buga masa takardar neman aiki. Baba kuma, in dillalin shanu ne mai cin kasuwar Ngaoui ta bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, so yake a shigar masa da sunayen waɗanda yake bi bashi. Haka abin yake ga tsofaffin HP da Dell da Lenovo da ake saya a shagunan kayan hannu, waɗanda ake kira brocante. Ba safai gida ke da biyu ba.

Daga nan ne koke iri biyu ke isa teburin masu gyara a Meiganga da Ngaundere da Garwa. Na farko: "Don Allah cire mini kod ɗin nan, kullum sai ta tambaye ni." Na biyu: "Akwai wata folda da ba na so yara su buɗe, sa mini kod a kanta." Sau da yawa mutum guda ne ke faɗin duka biyun a zama ɗaya, bai san cewa a tsarin Windows igiya ɗaya ce ta ɗaure su ba. Sirrin fayilolin mutum a jikin kalmar da yake shiga da ita yake rataye. In ya tsinke ta, sirrin ya faɗo. Akwai hanyar samun duka biyun, sai dai ba ta inda yawancin mutane ke nema ba ce.

Dama don irin wannan cunkoso aka ƙirƙiro kalmar sirri ta kwamfuta. A farkon shekarun 1960, a cibiyar MIT da ke Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa sun haɗa wani tsari mai suna CTSS, inda mutane da yawa ke raba kwamfuta guda, kowa da fayilolinsa. Sai aka ba kowa kalmar da zai buɗe nasa. Ba a je ko'ina ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, da awa huɗun da ake ba shi a mako suka yi masa kaɗan, ya sa na'urar ta buga masa jerin kalmomin kowa a takarda, ya riƙa shiga da sunan wasu. Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan shekaru. Wato kwado da mai ɓalle shi kusan tagwaye ne.

To, me ya sa kwamfutar da jiya ke buɗewa salun-alun ta wayi gari tana rubuta mot de passe a allo?

Tun zamanin Windows XP, wadda ta fito a Oktoban 2001, ƙa'idar ita ce: in mai amfani ɗaya ne kuma bai sa kalmar sirri ba, na'ura za ta wuce kai tsaye. Da an ƙara na biyu, sai ta tsaya a zaure tana tambayar wa ya zo. Wani lokaci ma ba mutum ne ya ƙara shi ba. Waɗanda suka daɗe a sana'ar gyara za su tuna wata manhajar Microsoft mai suna .NET Framework 1.1, wadda in an girka ta take ƙirƙirar wani asusu na kanta mai suna ASP.NET. Mutane da dama a duniya sun tashi sun ga kwamfutarsu ta daina wucewa kai tsaye, suka leƙa suka ga baƙon suna, suka ɗauka ɓarawo ne ya kutso, alhali aikin kamfanin ne da kansa.

Na yanzu ya fi wannan sarƙaƙiya. Daga Windows 8, a 2012, Microsoft ta fara jan mutane su riƙa shiga da asusun imel ɗinsu, ta yadda kalmar sirrin imel ita ce ta buɗe na'ura. Windows 11 kuwa, da ta fito a Oktoban 2021, nau'inta na gida yana neman intanet da asusun Microsoft tun a wajen girkawa. A gari irin Meiganga ba mai kwamfuta ne ke wannan girkawa ba. Mai shago ne ko yaronsa. Shi kuma don ya gama da wuri yakan sa imel ɗinsa, ko ya buɗe wani na wucin gadi da lambar wayar da za ta iya mutuwa nan da 'yan watanni. Ya ba mai kaya lamba huɗu ya ce da ita zai riƙa shiga. Ranar da na'urar ta ƙi lambar ta nemi ainihin kalmar asusun, babu wanda ya san ta.

Sauran dalilan ƙanana ne. Akwai tsohuwar ƙa'idar Windows da ke sa kalmar sirri ta tsufa bayan kwana 42, sai a canza. An yi ta ne don ofisoshi, amma takan faɗa kan wasu asusun gida. Akwai barcin da na'ura ke yi in an bar ta 'yan mintoci, ta farka tana neman kod. Sai kuma wuta. Arewacin Kamaru ya dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Lagdo, a kan kogin Binuwai kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta. Kwamfutar hannu mai mataccen batir tana mutuwa duk sanda aka ɗauke. Wanda ya buga kalmar sirri sau shida a yini ɗaya, ba a ga laifinsa ba in ya tsane ta.

Akwai wata kalmar da ba ta Windows ba ce sam. Ita wannan takan fito tun kafin tambarin Windows, a baƙin allo ko toka-toka, kuma a jikin babban allon da ke cikin na'urar take, a sashen da ake kira BIOS. Kwamfutocin da kamfanonin Turai suka gama amfani da su suka sayar kan zo da ita, wasu ma da an haɗa su da intanet sai su nuna sunan kamfanin suna neman ma'aikacinsa. Sake girka Windows ba ya cire irin wannan. Maganinta a wajen ciniki yake: a kashe na'urar gaba ɗaya, a kunna, a shiga BIOS a gaban mai shago kafin kuɗi ya bar aljihu.

Amma abin da ya fi ba 'yan Kamaru wahala, kuma ya fi ban dariya in an gano shi, madannai ne. Ƙasar tana tsakanin kasuwa biyu. Kayan Faransa da Beljiyam suna zuwa da tsarin AZERTY, na Najeriya da Dubai da Amurka kuma da QWERTY. A tsakanin biyun A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M kuma ta ƙaura. A ce mutum ya zaɓi "zuma" a matsayin kalmarsa. In madannansa QWERTY ne amma Windows ta ɗauka AZERTY ne, abin da zai shiga shi ne "wu,q". Ya buga daidai, na'ura ta ce ƙarya ne, shi kuma ɗige-ɗige kawai yake gani. Lambobi sun fi haka tsiya, don a AZERTY sai an danne Shift suke fita; in ba haka ba 1234 ya koma &é"' ba tare da mai bugawa ya sani ba. A wasu ƙananan kwamfutoci ma, in Num Lock na kunne, J da K da L sukan koma 1 da 2 da 3. Kafin a ɗauki na'ura a nufi kasuwa, yana da kyau a danna 'yar alamar ido da ke gefen akwatin kalmar a ga abin da ake bugawa, a kuma duba ƙasan allo ta dama ko FRA ke rubuce ko ENG. An sha goge kwamfuta ɗungurungum a kan abin da bai wuce wannan ba.

Cire tambayar ba wuya. A danna madannin Windows tare da R, a rubuta netplwiz, a cire alamar da ke jikin layin da ke cewa dole masu amfani su shigar da suna da kalmar sirri, sannan a buga kalmar sau biyu. A sababbin Windows 10 da 11 layin yakan ɓuya har sai an shiga Paramètres, Comptes, Options de connexion, an kashe sharaɗin shiga da Windows Hello kaɗai. A wannan shafin ne kuma ake hana ta tambaya bayan barci. Minti biyu ya isa.

Sai dai wanda ya yi haka ya bar kwado ne da mabuɗi a jiki. Kalmar tana nan ba ta goge ba, na'urar ce ke buga ta a madadinsa, ga duk wanda ya danna maɓallin kunnawa, ko ɗa ne ko ɓarawo. Duk abin da ke buɗe a ciki ya zama na mai riƙe da ita: WhatsApp da aka haɗa da kwamfuta, Facebook, imel, hoton katin ɗan ƙasa. Ga kwamfutar da ba a yin komai da ita sai kallo da karatun yara, wannan ba laifi. Ga wadda ke da lissafin kuɗi ko hotunan iyali, ya fi a tsaya a tsakiya: gajeriyar lambar PIN. A wannan na'urar kaɗai take aiki, kuma na'urar takan ja birki in an yi ta gwada ta ba daidai ba.

Yanzu sai batun folda. Abin da mutane ke kira "kulle folda" hawa uku ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu kamar ta labule da ƙofar ɗaki da akwatin ƙarfe ce.

Labulen shi ne ɓoyewa. A danna folda a sa mata alamar caché, ta ɓace daga gani. Yaro ɗan sakandare zai dawo da ita da danni biyu. Dabarar nan ma ita ce ta ƙwayar cutar da duk mai kai filash shagon buga takardu ya sani, wadda ake kira virus raccourci: ɓoye foldoji take yi ta bar na bogi, mai kaya ya ɗauka komai ya salwanta alhali suna nan. 'Yan ƙananan manhajojin kulle folda da ake turawa juna da yawansu wannan labulen ne aka yi wa kwalliya. Akwai kuma masu sa wa folda suna mai gundura, irin su "Cours de géologie", su tura ta can cikin wata. Wannan kan yi aiki a kan ƙanne, har ranar da wani ya yi amfani da akwatin bincike.

Ƙofar ɗaki ita ce kowa da asusunsa. Nan ne ainihin tsarin da Windows ta tanada. A zamanin XP, da mutum ya sa kalmar sirri takan tambaye shi ko yana son fayilolinsa su zama nasa shi kaɗai, kuma a nau'in Faransanci akwai akwatin da aka rubuta wa Rendre ce dossier confidentiel. Yau ba sai an tambaya ba: takardu da hotunan kowane asusu a rufe suke ga sauran, akwai kuma foldar Public ta abin da ake so kowa ya gani. Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi ake yawan karyawa. Asusun yara da baƙi ya zama standard, kada ya zama administrateur, domin shi administrateur maigida ne, danni ɗaya zai shiga ɗakin kowa. In za a tashi a danna madannin Windows da L, ƙofa ta rufu. Ga yawancin gidaje wannan ya wadatar. Iyakarsa ita ce Windows ce mai gadin. In aka kunna na'urar da wani tsari daga filash, ko aka zare rumbun aka jona a wata kwamfutar, mai gadi ba ya nan, komai a fili yake. Kowane mai gyara ya san haka, da haka ma yake ceto wa mutane fayilolinsu.

Mai karatu zai ce, me ya hana Microsoft yin maɓalli ɗaya na sa wa folda kalmar sirri a huta? Ta taɓa yi. A Yulin 2006 ta saki wata manhaja kyauta mai suna Private Folder 1.0 ga masu XP. Watan bai ƙare ba ta janye ta. Masu kula da kwamfutocin kamfanoni ne suka tayar da ƙura: ma'aikaci zai kulle takardun ofis, ya manta kalmar ko ya bar aiki, kuma babu hanyar buɗewa. Abin da ya yi kama da ita yanzu shi ne Coffre-fort na OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, wanda ya fito a 2019, amma shi sai da intanet, kuma fayil uku kacal yake karɓa ga wanda bai biya ba.

Akwatin ƙarfen shi ne dagula bayanai da lissafi, ta yadda ko an sace rumbun, shirme kawai za a gani sai da mabuɗi. Windows na da nata tun daga Windows 2000, mai suna EFS, a nau'in Pro. Tarkonsa shi ne mabuɗin a cikin asusun mutum yake, ɗaure da kalmar shigarsa. A ce wani ya manta kalmar, ya kai wa mai gyara, mai gyara ya kwafe fayilolin gefe ya yi abin da aka saba, wato formater, ya mayar da su. Ga sunayensu nan, ga girmansu, amma ko ɗaya ba zai buɗu ba, don mabuɗin ya tafi tare da tsohuwar Windows. Ko sake wa asusun kalma aka yi da ƙarfi daga waje, haka za ta faru. An yi gudun gara an faɗa wa zago.

Wanda ke son na'ura ta buɗe wa kowa amma folda ɗaya ta zama tasa, akwatin da ba ruwansa da kalmar shiga yake buƙata. In fayil ɗaya ne, kamar lissafin Baba a Excel, Office tun daga nau'in 2007 na da zaɓin Chiffrer avec mot de passe, kuma kulle ne na gaske, ba kamar kariyar shafi da ke hana gyara kawai ba. In folda ce, akwai 7-Zip, manhajar kyauta da Igor Pavlov ɗan Rasha ya fara fitarwa a 1999. Tana dunƙule folda ta kulle da tsarin AES-256, har sunayen fayilolin tana iya ɓoyewa. Abin lura, kwafi take yi. In ba a goge na asalin an kuma zubar da kwandon shara ba, an kulle akwati ne an bar kayan a kan gado. Mai buɗe foldarsa kullum kuwa VeraCrypt ta fi masa, wadda Mounir Idrassi ya fara a Faransa a 2013. Duk ukun ba sa buƙatar intanet, kuma duk ukun ba su da ƙofar baya.

Bambancin ƙofar ɗaki da akwatin ƙarfe yana da nauyi ranar da na'ura ta lalace. A 2008 hotunan sirri na Edison Chen, mawaƙi kuma ɗan fim a Hong Kong, suka cika intanet; daga kwamfutar da ya kai gyara aka kwafe su, kuma kotu ta ɗaure ma'aikacin shagon a 2009. Kamaru na da dokar da ta shafi irin wannan, mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamban 2010, wadda ta tanadi ɗauri da tara ga mai kutsawa cikin na'urar wani ko yaɗa sirrinsa, ga kuma dokar kare bayanan mutum ta Disamban 2024. Yawancin masu gyara a kan amana suke cin abinci, kuma a gari irin Meiganga da kowa ya san kowa, sunan mutum jarinsa ne. Amma shago ba mutum ɗaya ba ne. Akwai yaran koyon aiki, akwai abokan hira. Hoton da ya riga ya zaga wayoyin unguwa kuwa, hukuncin kotu ba ya tattaro shi.

Saura akwatin da mutum bai san an sa shi a ciki ba. BitLocker, da ya zo da Windows Vista, yana kulle rumbun gaba ɗayansa, kuma a na'urori da yawa na yanzu, musamman daga sabuntawar Windows 11 ta 2024, da kansa yake kunnuwa in an shiga da asusun Microsoft. Mai kwamfuta ba zai ga alamar komai ba, har ranar da aka taɓa BIOS ko aka canza babban allon da ke cikin na'urar. Sai shuɗin allo ya fito yana neman clé de récupération. Mabuɗin yana ajiye a asusun da aka girka Windows da shi. Nan ne mai gyara zai ɗago kai ya ce, "Alhaji, da imel ɗin wa aka buɗe ta?" In amsar ita ce na wani yaron shago da ya koma Duwala bara, zance ya ƙare. Microsoft da kanta ta ce ba za ta iya sake ƙera mabuɗin da ya ɓace ba.

Matsalar ba ta tsaya ga mantuwa ba. Dillalin da ya mayar da littafin bashinsa cikin kwamfuta ya kulle, in ta Allah ta kasance, magada za su zauna rabon gado, malam zai ce a fara fitar da bashi, kuma jerin waɗanda ake bi da masu bi yana cikin fayil ɗin da babu mai iya buɗewa. Littafin takarda ko da Ajami aka rubuta shi za a sami mai karantawa. Shi ya sa masu lura ke rubuta sunan asusun da kalmarsa da kalmar foldar a takarda, su liƙe a ambulan, su ajiye tare da takardun gida ko a hannun amintacce guda. Mabuɗin BitLocker ma ana iya duba shi tun na'ura na lafiya, a shafin asusun Microsoft, a kwafe da biro. Lambobi 48 ne, rukuni takwas, shida-shida, kuma bayan rasitin da aka sayi kwamfutar da shi ya ishe su.